Ƙanƙarar da Ta Tsaya a Iyakar Gonata

Aikina malamin gona ne. Na yi shekaru ina bin ƙauyukan da ke kewaye da Dutse a kan babur, wani zubin har Aujara, ina nuna wa manoma yadda ake zuba taki da lokacin da ya kamata a yi wa wake feshi. A unguwar Yalwawa cikin Dutse nake zaune da iyalina. Mu Hausawa ne Kirista, kakana ne ya fara karɓar bangaskiya a ƙauyenmu. A 'yar majami'ar da muke sujada an sa ni cikin dattawan ikkilisiya tun ban yi furfura ba, kuma in fasto ya yi tafiya ni nake tsayawa a bagadi in yi wa'azi. Na fara da wannan ne don kada wani ya yi mini uzuri. Abin da na aikata ban aikata shi cikin rashin sani ba, na san gona, na kuma san Littafi.

Ina da gona a wani ƙauye arewa da gari, tafiyar rabin sa'a. Maƙwabcina ta gabas wani dattijo ne Musulmi, manomi tun tashinsa, yana da tumaki da 'ya'ya maza biyu magidanta. Baba nake ce masa, shi kuma ya ce mini Malamin gona. Mun daɗe muna zaman lafiya, har wata shekara da babban ɗansa ya zo huɗa da shanu, garma ta shigo ta cinye kunyar gona biyu a inda nake ɗauka nawa ne. Na kai ƙara wurin mai unguwa. Aka tara tsofaffi, suka taka iyakar, suka ce can da ma tsohon layin gamba yake, ni ne na matso ban sani ba. Aka bar wa Baba kunyoyin. Na ce na yarda, amma a baki kawai. Tun daga ranar gaisuwata da shi ta gajarta. In ya ce, "Malamin gona, ina gajiya?" sai in amsa ina ɗaure kaya a babur, ban ko dube shi ba.

Akwai kuma wata mata a majami'armu, kowa Mama yake ce mata. Mijinta magini ne, ya yi doguwar jinya ya rasu, ya bar ta da jikoki mata biyu da take riƙo. Ƙosai take soyawa da safe a bakin titi, ranar Asabar kuma ita ke share majami'a, ba wanda ya sa ta. Bayan rasuwar mijin ta ce mini tana son inda za ta ɗan shuka abin da za su ci. Ni da kaina na nemo mata aron wata 'yar gona a ƙauyen nan, a bayan gonar Baba, in ka wuce wani layin itatuwan darbejiya. Kowace damina kafin ta shuka sai ta tare ni a ƙofar majami'a. "Dattijo, wane iri za mu sa bana?" Abin da na ce shi take yi.

A shekarar da nake magana damina ta yi kyau ƙwarai. Cikin watan Agusta gero ya fid da kai, ƙwaya ta fara shiga, kowa ka gani a ƙauye fuskarsa a sake. Wata Alhamis da la'asar hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ƙasansa kuma da wani irin fari-fari. A Dutse ruwa kawai aka yi da iska. Washegari da sassafe wani manomi ya kira ni a waya ya ce ƙanƙara ta sauka a wajensu, in zo in gani.

Tun daga nesa na fara ganin ganye a kan hanya kamar an yi sussuka. Da na isa na kashe babur na tsaya. Gonar Baba ba ta ganuwa. Karan gero a kwance, wanda ya rage a tsaye kuma ganyensa ya zama zare-zare, zangarniya a kakkarye cikin laka. Na ga kurciyoyi biyu matattu a gindin wata kuka. Sai na juya na dubi tawa. Gerona na tsaye kore shar, raɓa na ɗiga daga ganyensa. Na bi iyakar da ƙafa. Kunyoyi biyun nan da aka yi shari'a a kansu sun tafi ƙurmus tare da sauran gonar Baba, daga nan ɓarnar ta ɗan taɓa layi ɗaya nawa, ta tsaya cak kamar an ja zare.

Ba zan ɓoye abin da na ji ba. Wani daɗi ne ya taso mini tun daga ciki, har na ji ina so in yi dariya. Na ciro waya na shiga ɗaukar hoto, na tsaya daidai kan iyakar yadda kore zai fito a hagu, ɓarna a dama.

Ina cikin haka Baba ya ɓullo daga cikin karan da ya zube, wandonsa a naɗe, ƙafafunsa duk laka. 'Ya'yansa na biye da shi. Ya dubi gonata ya daɗe, sannan ya ce, "Barka da arziki, Malamin gona. Taka ta tsira. Alhamdu lillahi."

Na soke wayar a aljihu na ce, "Sannu, Baba. Allah ya mayar da alheri."

Ya ce, "Amin. Mai abu ya karɓi abinsa."

Na san yadda ƙanƙara take sauka. Ba ta game ƙasa kamar ruwa, hanya take bi siririya, ta daki wannan gona ta tsallake waccan, na sha rubuta rahoton irin haka a wurin aiki. Daga inda nake tsaye ina ganin hanyar da ta biyo, ta fito ne ta gabas, ta wajen layin darbejiyar nan. Tafiyar minti goma ce zuwa can. Ban je ba. Ko tunanin Mama bai zo mini ba. Na hau babur na koma gari ina waƙar yabo a hanya.

Lahadin da ta biyo fasto ya tafi Ringim jana'izar wani ɗan'uwansa, wa'azi ya faɗo kaina. Na riga na shirya wani abu dabam a kan haƙuri, amma ranar Asabar na ajiye shi. Na buɗe wurin da Ubangiji ya aiko da ƙanƙara a kan ƙasar Masar, ta farfashe itatuwa ta lalata amfanin gona, amma yankin da jama'arsa suke zaune ko ƙwaya ɗaya ba ta faɗa ba. Na karanta shi a gaban jama'a da babbar murya. Na ce Allahn da ya yi wannan bai tsufa ba, iska da hadari da ƙanƙara bayinsa ne, inda ya aike su nan suke zuwa, inda ya ce su tsaya nan suke tsayawa. Har nan ban faɗi ƙarya ba. Sai na ciro waya na ɗaga sama, na ba su labarin kunyoyi biyu da shari'ar mai unguwa. Ban ambaci sunan Baba ba, amma na ce wani maƙwabci. Na ce, "Mutum ya yanke hukuncinsa, Ubangiji kuma ya yanke nasa. Ya san iyakar gona fiye da mai unguwa!"

Majami'a ta ɗauki dariya da amin. Matan zumunta suka buga tulu, wata ta rangaɗa guɗa. Wayata ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Ni kuwa da na ji jama'a na tare da ni sai bakina ya ƙara buɗewa. Na faɗi abin da ban rubuta ba. Na ce, "Ƙanƙara ba ta ɓatan hanya. Duk wanda ta shiga gonarsa, ya koma gida ya binciki zamansa da Ubangiji."

Mama na zaune a benci na uku, kusa da taga, inda ta saba. Na ga ta sunkuyar da kai ta ja mayafi. Na ɗauka addu'a take yi. Bayan sujada mutane suka kewaye ni ana shan hannu, ana cewa yau an ji Magana. Ban lura da fitarta ba.

Lahadi ta zagayo, ba ta zo ba. Ta biyu ma haka. Wasu 'yan mata suka karɓi sharar majami'a, aka ce wataƙila zazzaɓin damina ne. Da ta uku ta wuce, matata ta ce za ta je ta dubo ta, don tare suke a zumuntar mata. Ta tafi bayan azahar, ta dawo rana ta yi sanyi, ina tsakar gida ina wanke babur. Ba ta ajiye jaka ba, ta tsaya a kaina.

"Baban yara, da ka je ƙauye bayan ƙanƙara, ka leƙa gonar Mama?"

Na ɗago da tsumma a hannu. Tun kafin ta ƙara wata kalma na gane. Layin darbejiyar nan ya faɗo mini a rai, da hanyar da ƙanƙarar ta biyo.

Ta ce, "Ko zangarniya ɗaya ba ta tsira ba. Ranar Juma'ar da ka je, ita ma ta je da yamma ta gani. Ta zo sujada ranar Lahadi da niyyar ta roƙi a yi mata addu'a. Sai ka hau bagadi."

Na ce, "Ai ba da ita nake ba."

"Da wa kake?"

Na jefa tsumman a bokiti, ita kuwa ta ci gaba.

"Ta ce tun ranar take binciken zamanta da Ubangiji, yadda ka umarta. Ta bi rayuwarta kaf. Ta ce ta gano. Wai lokacin jinyar mijinta akwai ranar da ta gaji, ya ɓata shimfiɗa sau uku, ta ce masa ita ta gaji da wannan wahala. Bayan kwana huɗu ya rasu. Ta ce abin da Allah ya riƙe ke nan, yanzu ya fito da shi fili. Matar da ta yi shekara biyu tana ɗaga shi tana kwantarwa! Ta rame, baban yara. Ta ce ba za ta iya shiga majami'a ba, don duk wanda ya ji gonarta ta tafi ya san abin da ake nufi."

Na ce, "To me ya sa ba ta zo ta same ni ba?"

Matata ba mai faɗa ba ce, amma ranar ta dube ni irin kallon da ban taɓa gani ba. Ta ce, "Ta zo ta ce maka me? Kai ne dattijo, da Littafi a hannunka. Kuma shi wancan tsohon, ko da gaske ya ci maka kunya biyu, sai Allah ya hana jikokinsa tuwon shekara don ya faranta maka? Ni ma na yi guɗa ranar. Ina jin kunyar kaina." Ta shige ɗaki. Na zauna a kan bokitin da na kife, ruwan wanki na bin ƙafata, na rasa inda zan sa kaina.

Da safe na tafi wurin fasto. Mutum ne mai sanyin magana, ya girme ni nesa ba kusa ba. Ashe an ba shi labarin wa'azin tun dawowarsa, ana yabo, shi kuwa bai ji daɗinsa ba, yana jiran lokacin da zai kira ni. Labarin Mama ne bai sani ba. Da na gaya masa ya cire tabarau ya rufe ido na ɗan lokaci. Sannan ya turo mini Littafi Mai Tsarki ya ce in buɗe wurare uku, in karanta a bayyane.

Na fari inda aka ba Almasihu labarin waɗansu da suka yi mummunar mutuwa, shi kuma ya kawo zancen mutanen da hasumiya ta faɗa wa, ya tambayi masu sauraro ko suna tsammanin waɗannan sun fi sauran mutanen birnin laifi, ya kuma amsa da kansa cewa ba haka ba ne. Na biyu inda ya koyar cewa Uba yana fito da ranarsa ga mugu da nagari, yana sako ruwa ga mai gaskiya da marar gaskiya. Na uku a labarin adalin nan ne da ya rasa dukiya da 'ya'ya da lafiya, abokansa suka zauna suna yi masa bayanin laifin da ya jawo masa. A ƙarshe Ubangiji ya yi magana daga cikin guguwa, yana jero masa tambayoyi, har da ko ya taɓa shiga inda ake ajiyar ƙanƙara. Abokan nan masu bayani kuma su ne Ubangiji ya yi fushi da su. Duk na san wuraren nan. Na ukun ma na taɓa koyar da shi a ajin manya.

Fasto ya ce, "Dattijo, da ka ce Ubangiji ne ya aiko ta, shi ne kuma ya tsayar da ita, ban ja da kai ba. Ko ganye ba ya faɗuwa sai da saninsa. Amma a Masar shi ya faɗi dalilinsa da bakinsa tun kafin ta sauka. Kai wa ya gaya maka dalilin wannan?"

Na ce, "Ba kowa."

"Haushin da kake ji ne ka ɗauka ka sa a bakin Allah. Za ka gyara a gaban jama'a, tunda a gabansu ka ɓata. Amma kafin nan ka je wurinta. Yau."

Na je gidanta, jikarta ta ce tana gona. Na yi mamaki, gonar me kuma? Na kama hanya. Na wuce tawa, gero ya sunkuya don nauyi, ban iya dubansa sosai ba. Na ajiye babur na ratsa ta gonar Baba. An kwashe karan da ya zube an tara gefe, an sake huɗa, wake ya tsiro layi-layi har ya yi ganye. Na wuce darbejiya. Gonar Mama ma haka take, an gyara ta tsaf, wake ya fito. Mutum huɗu na gani a duƙe suna noma: Mama, da matar Baba, da 'ya'yansa biyu. Baba na zaune a inuwa yana gyara ƙotar fartanya.

Daga baya na ji yadda aka yi. Kwana biyu bayan ƙanƙara Baba ya ce wa 'ya'yansa damina ba ta ƙare ba, a sa wake mai yi da wuri ko Allah zai sa a samu wani abu. Da suka gama huɗar tasu ya ce su wuce da shanun gonar baiwar Allah nan, ba ta da kowa. Irin ma daga rumbunsa aka ɗebo. Wannan ita ce shawarar da ake biyana albashi in ba manoma. Ban ba kowa ita ba a ƙauyen nan, ina gari ina nuna hoto.

Na yi sallama na durƙusa na gaida Baba, gaisuwar da na yi shekara biyu ban yi masa irinta ba. Ya amsa da fara'a, ya tambayi iyali. Sannan ya ci gaba da fiƙe ƙotarsa, bai dube ni ba ya ce, "An ce ka yi wa'azi da gonata."

Ashe Mama ta gaya wa matarsa, tana kuka, ranar da suke shuka. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Na yi, Baba. Na yi kuskure. Ka gafarce ni."

Ya ce, "Ni ba ka rage ni da komai ba, tunda ba na wurin. Mu ma mun san ƙaddara, Malamin gona. Wanda ya bar maka shi ya karɓe mini, kuma bai yi shawara da ɗayanmu ba. Amma in da ƙanƙara Allah yake yanke shari'ar iyaka, da ba mai cin tuwo a ƙasar nan." Ya ɗan yi murmushi, ya nuna Mama da haɓa. "Ni dai waccan ce ta ba ni tausayi. Ita me ta yi maka?"

Ya kira matarsa da 'ya'yansa ya ce su zo su sha ruwa, don ya ba mu wuri. Na taka zuwa inda Mama take. Ta ga zuwana tun da farko, amma ba ta ɗago ba, tana ta cire ciyawa da hannu a gindin wake. Ta faɗa ƙwarai, ƙasusuwan wuyanta sun fito. Na durƙusa a gabanta cikin ƙasa.

Na ce, "Mama, na zo neman gafara. Abin da na faɗa a bagadi ba daga Ubangiji ba ne, daga muguwar zuciyata ne. Ban san gonarki ta tafi ba, kuma rashin sanin ma laifina ne, don ni na kawo ki nan, ban zo na duba ba. Maganar jinyar marigayi mijinki, ki cire ta daga ranki. Kowa ya ga abin da kika yi masa."

Ta miƙe a hankali, ta dafa ƙugu. Ta ce, "Dattijo, in tambaye ka. Allah ne ya aiko ta ko ba shi ba ne?"

Na ce, "Shi ne."

"Ya san gonata ce?"

"Ya sani."

"To me ya sa tawa ta tafi, taka ta tsaya?"

Ayoyi suka cika mini baki. Na buɗe zan fara, sai na ga idonta. Na ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta daɗe tana dubana. Ta ce, "Da haka ka faɗa ranar, da ban yi sati uku ina tonon kabarin mijina a zuciya ba."

Na fara cewa akwai wurin da Almasihu ya yi magana a kan wata hasumiya, ta ɗaga hannu. "Kada ka yi mini wani wa'azin, wancan bai gama sauka ba. Na yafe maka. Allah ya yafe mana duka." Ta share fuska da gefen zane, ta dubi ƙasa. "Tashi, ka danne mini wake."

Na duba, gwiwata na kan tsiro biyu. Na tashi na gyara su da yatsa, ɗaya ya riga ya karye. Na karɓi fartanya a hannun ƙaramin ɗan Baba na yi noma tare da su har rana ta take, ba wanda ya ce in bari, ba kuma wanda ya yi mini hira.

Ranar Lahadi fasto ya ba ni minti biyar kafin wa'azinsa. Na tsaya a ƙasa, ban hau bagadi ba. Na ce abin da na koyar kuskure ne, na yi wa Allah ƙarya, na yi wa maƙwabcina mugun fata, na kuma raunata wata a cikinmu. Ban faɗi ko wace ce ba, amma bencin kusa da taga babu kowa, kowa ya gane. Na manta rabin abin da na shirya. Abin da ya fi ci mini rai bayan an tashi ne. Mutum uku suka same ni a waje ɗaya bayan ɗaya, suka ce ai ban yi laifi ba, gaskiya na faɗa da farko, fasto ne ya matsa mini. Ɗayansu ya ce shi har ya tura hoton ga 'yan'uwansa a wasu garuruwa, sun ƙarfafa ƙwarai. Na goge hotunan daga wayata a gabansa, amma na san sun riga sun yi nisan da hannuna ba zai kai ba. Na roƙi fasto ya ɗauke mini wa'azi har shekara guda, ya yarda.

A raina na yi ta jiran wani abu ya sami gonata. Tsuntsaye, ko tsutsa, ko gobara bayan girbi. Da hakan ta faru da na ji sauƙi, in ce an rama. Ba abin da ya same ta. Shekarar nan na ɗaure damin da ban taɓa ɗaurewa ba tun da na fara noma a wurin. Waken su Baba kuwa ruwa ya ɗauke masa da wuri, abin da aka samu bai taka kara ya karya ba. Na tsaya a gaban tarin gerona na gane cewa ko wannan jiran da nake yi, tsohon halin ne bai sake ni ba, har yanzu ina so in tsara wa Allah yadda zai yi shari'a, sai dai wannan karon a kaina. Har yau na gaskata cewa ba hadarin da ke tasowa sai da izininsa, ba kuma ƙwayar ƙanƙarar da ke faɗuwa inda bai sani ba. Abin da na daina shi ne buɗe baki in ce ga dalili.

Na sa aka kai wa Baba dami a amalanke. Ya fito ya duba ya ce, "Madalla, Allah ya sa albarka," ya sa aka shigar, bai yi wani dogon zance ba, na kuma gode masa da hakan. Na Mama kuwa ta ce kada a sauke a ƙofarta. Ta ce a kai wa zumuntar mata su raba wa duk masu bukata, in an zo kanta a ba ta daidai da kowa. Haka aka yi.

Sai wajen Kirsimeti ta dawo sujada. Ba ta koma bencinta ba, a baya take zama kusa da ƙofa, har yanzu. Tana gaishe ni da ladabi, ta tambayi yara, ni ma in tambayi jikoki. Ba mu taɓa sake tayar da maganar ba.

Da damina ta sake zagayowa, wata safiya bayan ruwan shuka na fito a babur zan tafi ƙauye, na hango ta a bakin titi wajen fitar gari tana jiran mota, da sungumi a kafaɗa da ƙullin abinci a hannu. Motocin duk a cike suke wucewa. Na yi kamar in wuce, don ban san ko za ta so ba. Na dai tsaya na ce, "Mama, gona za ki? Zo mu tafi."

Ta dubi hanya, ta dube ni, sannan ta miƙo mini sungumin na ɗaure a gefe. Ta hau ta zauna a karkace, ta riƙe ƙarfen baya. Muka yi ta tafiya, gonaki na wucewa, mutane duk sun fito shuka. Da muka sauka daga kwalta muka shiga hanyar ƙauye, ta ɗan taɓa kafaɗata.

"Dattijo, bi a hankali. Akwai yashi a gaba."

Na rage gudu.